MALAMIN YAƘI DA JAHILCI: AIKINSA, NAUYIN DA KE KANSA, DA INDA IYAKARSA TA TSAYA

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin malaman da ke koyar da manya karatu da rubutu da lissafi, da jami'an da ke duba azuzuwansu, da kuma masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyi waɗanda sukan nemi a buɗe musu aji. Sau da yawa akan buɗe aji cike da mutane, kowa da murna, amma kafin wata uku sai a tarar saura 'yan kaɗan. In aka tambayi waɗanda suka daina zuwa, sai su ce aiki ne ya yi musu yawa. Wani lokaci gaskiya ce. Wani lokaci kuwa kara ce kawai suka yi wa malamin, don ba su son su ce ya kunyata su a gaban jama'a, ko ya tona musu asiri, ko ya ci musu bashi. Babban mutumin da ya fita daga aji da ɓacin rai da wuya ya sake komawa wani aji har abada, kuma yakan hana na kusa da shi shiga. Saboda haka wajibi ne kowane malami ya san aikinsa, ya san nauyin da ya ɗauka, ya kuma san wurin da ya kamata ya tsaya.

Asalin wannan aiki

Koyar da manya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru domin ilmantar da matan ƙauyuka. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali, wadda mutanen garinsu suka amince da ita, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa alamar muƙaminta. Jaji ce ke jagorantar mata zuwa wurin ɗaukar karatu, ta koma ta koya wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Abin lura a nan shi ne, tun a wancan zamani an gane cewa ilmi kaɗai bai isa ya mai da mutum malamin manya ba, sai an haɗa da amana da kamun kai.

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta fara Yaƙi da Jahilci gadan-gadan, kuma Alhaji Ahmadu Kumasi yana cikin waɗanda suka ja ragamar aikin. Hukumar NORLA da ke Zariya, wadda ta yi aiki har zuwa 1959, ta buga littattafai masu sauƙi da ƙananan jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, don sababbin masu karatu su sami abin karantawa. A 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta keɓe wa ilmin manya babi nasa. A 1980 Jihar Kano ta kafa hukumarta ta ilmin manya. Ranar 8 ga Satumba, 1982, watau Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin shekara goma na ƙasa baki ɗaya. Sa'an nan Doka mai lamba 17 ta 1990 ta kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci da Ilmin Manya ta Ƙasa. Tsarin Mulki na 1999 kuma, a sashe na 18, ya umurci Gwamnati ta yi ƙoƙarin kawar da jahilci, ya lissafa koyar da manya kyauta cikin abubuwan da za ta samar gwargwadon hali.

Duk waɗannan dokoki da hukumomi, ɗalibi ba ya ganinsu. Wanda yake gani shi ne mutumin da ke tsaye gaban allo da alli a hannu. In malamin ya kyautata, an ce hukuma ta kyautata. In ya ɓata, sunan shirin gaba ɗaya ne ya ɓaci a garin.

Wane ne ɗalibin?

Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi. Amma mai gemu ba ya zama a aji irin zaman yaro, kuma malamin da ya saba da firamare lalle ne ya sake salo. Ga bambance-bambancen da ya kamata a kiyaye:

1. Babba da ƙafarsa ya zo. Ba wanda ya tilasta masa, ba kuma wanda zai hana shi tafiya. Sa'ar da yake zaune a aji, rumfarsa a rufe take, ko gonarsa na jiransa, ko abincin gida bai sauka ba. In bai ga amfanin zaman ba, gobe ba zai dawo ba.

2. Babba ya zo da saninsa. Fatake da masu sayar da goro a Sabo ta Ibadan ko a Agege ta Legas sukan yi lissafin dubbai da ka, ba tare da kuskure ba. Manomi ya san ƙasa da damina fiye da malaminsa. Mutane da yawa sun iya karatu da rubutu da ajami tun suna yara. Jahilci sunan abin da ake yaƙa ne, ba suna ne da za a kira ɗalibi da shi ba.

3. Babba yana da bukata ta yau. Wani yana son ya daina dangwala yatsa a banki ya riƙa sa hannu. Wata tana son ta karanta katin asibitin ɗanta. Wani yana son ya karanta saƙon da ke shigowa wayarsa ba sai ya miƙa wa yaro ba.

4. Babba yana da mutuncin da yake tsoron zubewarsa. Mai gida da ake jin maganarsa a unguwa ba ƙaramin ƙarfin hali ya yi ba da ya zauna a gaban sa'an ɗansa ya ce bai san harafi ba.

5. Jikin babba ya fara sauyawa. Bayan shekara arba'in ido yakan rage ganin ƙananan rubutu na kusa, kunne kan yi nauyi, hannun da ya saba da fartanya ko guduma kuma yakan yi wa fensir ƙarfi. Mutumin da ake zato ba shi da ƙwaƙwalwa, sau da yawa tabarau kawai yake bukata.

Aikin malami a cikin aji

Aiki na farko shi ne bincike. Kafin a buɗe littafi, malami ya zauna da ɗalibansa ya ji dalilin zuwan kowa, da sana'arsa, da abin da ya riga ya iya. Da su zai yanke ranakun karatu da lokacinsa, a kauce wa ranar kasuwa da lokutan ibada, a kuma san yadda za a yi in damina ta faɗi.

Aiki na biyu shi ne koyarwa daga abin da aka sani zuwa abin da ba a sani ba. Wani masani ɗan ƙasar Birazil, Paulo Fireri, ya shahara a kan wannan hanya. A 1963, a garin Anjikos, shi da mataimakansa sun koya wa ma'aikata kimanin 300 karatu cikin 'yan makonni. Dabararsa ita ce ɗauko kalmomi daga bakin mutanen da kansu, a tattauna ma'anarsu a rayuwarsu, sa'an nan a rarraba su gaɓa-gaɓa. Hausa ta dace da wannan hanya ƙwarai, domin wasulanta biyar ne a rubuce, gaɓoɓinta kuma a fili suke. Alal misali, a ajin 'yan kasuwa a ɗauki kalmar "goro". A raba ta: go, ro. Daga "go" a fitar da ga, ge, gi, go, gu. Daga "ro" a fitar da ra, re, ri, ro, ru. Nan take ɗalibai da kansu za su haɗa gari, da gero, da riga, da gora, da rago. Wanda ya haɗa kalma biyar da hannunsa a makon farko ya ga alamar cewa abin mai yiwuwa ne.

Aiki na uku shi ne kawo rayuwa cikin aji. Rasit na kasuwa, da katin rigakafi, da takardar makarantar yara, da rubutun da ke jikin buhun takin zamani, da lambar mota, duk littattafai ne. Da zarar ɗalibi ya iya haruffa, a ba shi irin takardun da zai gamu da su a waje.

Aiki na huɗu shi ne gyara kuskure ba tare da kunyatarwa ba. In dattijo ya yi kuskure, kada malami ya ce, "Ba daidai ba ne, wa zai gyara masa?" Sai ya matso kusa ya ce, "Baba, saura kaɗan, a ƙara duba harafin farko." In mace ce babba, ya ce, "Hajiya, a sake gwadawa, jiya ma ai an yi daidai." Ba a tilasta wa kowa fitowa gaban allo. Ba a kafa sakamakon gwaji a bango da sunayen mutane. Malami ya kira kowa da sunan girmamawar da ake kiransa da shi a gari, ko da kuwa shi ne ya fi kowa rauni a karatu.

Aiki na biyar shi ne bibiya. Wanda aka rasa shi sau biyu a jere, a aika a gaishe shi, ko malami ya tsaya a rumfarsa ya tambayi lafiya. Tambayar lafiya ce, ba tuhuma ba. Sau da yawa mutum ya ga an wuce shi ne yana jin nauyin dawowa, gaisuwa ɗaya kuwa ta isa ta komo da shi.

Nauyin da ke kan malami

Ga ɗalibai. Malami ya riga kowa zuwa, ya tashi aji a kan lokacin da aka yi alkawari. Ya shirya darasinsa tun a gida. Ya raba hankalinsa daidai tsakanin mai saurin ganewa da mai jinkiri, da attajiri da ɗan dako. In an yi masa tambayar da bai san amsarta ba, ya ce bai sani ba, zai binciko. Manya sun fi girmama mai faɗin haka bisa ga mai kame-kame.

Ga hukumar da ta ɗauke shi. Rajista amana ce. Haramun ne a cika ta da sunayen da babu masu su, ko a yi wa wanda bai zo ba alamar zuwa, don kada a rufe aji ko don a ci gaba da karɓar alawus. Da irin wannan rajista ake lissafin littattafai da kuɗin da za a ware, ƙarya a cikinta kuwa tana hana wani gari da ke da bukata ta gaskiya. Littattafai da alluna da fensirorin da aka bayar kyauta, kyauta za a raba su. Takardar shaida kuma ba a ba da ita sai ga wanda ya iya abin da takardar ta ce ya iya. Wanda aka ba shi ita don kara, ranar da aka miƙa masa takarda a ofis ya kasa karantawa, shi zai sha kunya, darajar takardun sauran kuma ta faɗi.

Ga gari. Kafin a buɗe aji a sanar da mai unguwa ko sarkin wurin, da malaman addini, da magidanta. Ɗakin da aka ba da aro, ko makarantar firamare ce, ko zaure, ko harabar masallaci ko ta majami'a, a bar shi da tsabta kamar yadda aka same shi.

Ga kansa. Malamin da ya daina karatu ba zai daɗe yana koyarwa ba. Ya halarci kwas in an kira, ya nemi shawarar jami'in da ke duba shi, ya ziyarci ajin wani malami ya ga yadda yake yi.

Iyakokin malami

Nan ne aka fi samun tuntuɓe, kuma yawancin masu faɗawa ba da mugun nufi suka fara ba. Dalilin shi ne, mutumin da bai iya karatu ba yakan ɗauki malaminsa masanin kome. Zai kawo masa wasiƙarsa, da takardar filinsa, da maganinsa, da rigimar gidansa. Malami mai kirki yakan ji nauyin cewa a'a. Amma manufar aikinsa ita ce ɗalibi ya kai matsayin da zai tsaya da ƙafarsa, ya daina dogara ga kowa wajen karatu, har da malamin kansa. Duk taimakon da ke ƙara ɗaure ɗalibi a jikin malami ya saɓa wa wannan manufa. Daga nan iyakoki shida suka fito.

Ta farko: asiri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Malami zai san wanda bai iya rubuta sunansa ba alhali jama'a na zaton ya iya. Zai ga wasiƙar bashi, da takardar asibiti, da saƙon da miji ya aiko wa matarsa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya fita daga bakinsa, ko ga iyalinsa, ko a majalisar hira da sunan raha. Haka nan ba ya ɗaukar hoton ɗalibai ya watsa a Facebook ko WhatsApp sai da yardarsu, kuma ba ya ba kowa sunayensu da lambobin wayarsu in ba hukumar da ta ɗauke shi ba. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Wuri ɗaya ne kaɗai asiri ba ya hana magana, watau inda rai ke cikin hatsari, ko ana cutar da yaro. A nan sai a gaggauta sanar da waɗanda abin ya rataya a wuyansu.

Ta biyu: kuɗi. Malami ba ya karɓar kuɗin shiga ko na takardar shaida in hukuma ba ta sa ba. Ba ya cin bashin ɗalibi, ba ya ba shi, ba ya riƙe wa aji adashi, ba ya mai da aji kasuwar hajarsa. In ɗalibai sun ga dama su tara kuɗin kananzir ko tabarma, su zaɓi ma'aji daga cikinsu, su rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita da hannunsu, wannan ma darasin lissafi ne. Abin da ya fi kome hatsari a yau shi ne lambar sirri ta katin banki. A ɗauka wata dattijuwa ta miƙo katinta ta ce, "Malam, ga lambar, ka ciro mini." Amsar da ta dace ita ce, "Inna, wannan lamba ko ni bai kamata in ji ta ba. Bari in koya miki lambobin har ki iya dannawa da kanki." Ranar da kuɗi suka ɓace a wannan asusu, ko ba shi ya taɓa ba, wanda ya san lambar shi za a fara zargi. Game da kyauta kuwa, ƙin karɓar goro ko 'yar ƙwaryar gyaɗa lokacin kaka zai zama wulaƙanci a al'ada. Amma kyautar da aka roƙa, ko mai tsada, ko wadda ta zo dab da gwaji, a mayar da ita cikin ladabi. In aji na son yin alheri, ya yi shi a taron rufe karatu, a bainar jama'a.

Ta uku: sanin da ba nasa ba. Malami ba likita ba ne, ba alƙali ba ne, ba malamin gona ba ne. Aikinsa ne ya koya wa uwa yadda za ta karanta ranar da magani zai lalace, ta duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwali, ta gane abin da ake nufi da sau uku a rana. Ba aikinsa ba ne ya ce mata ga maganin da za ta ba yaron, ko ta ƙara ko ta rage. Zai iya karanta wa mutum takardar sayen fili kalma bayan kalma, amma ba zai ce masa sa hannu, ba kome, ba. In darasi ya taɓo lafiya ko noma, hanya mafi kyau ita ce a gayyato ma'aikacin lafiya ko malamin gona ya zo aji ya yi bayani da bakinsa.

Ta huɗu: siyasa da addini. Aji na kowa ne. A garuruwa da yawa, musamman a kasuwannin kudu da unguwannin baƙi, benci ɗaya kan ɗauki Musulmi da Kirista, da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi. Malami yana da jam'iyyarsa da aƙidarsa kamar kowa, amma a bakin ƙofa yake ajiye su. Ya halatta, har ma ana so, ya koyar da yadda ake rajistar zaɓe, da yadda takardar ƙuri'a take, da yadda ake dangwalawa don kada ƙuri'a ta lalace. Inda za a dangwala kuwa sirrin mai zaɓe ne. Ba a raba kayan ɗan takara a aji, ba a karɓar katin zaɓen ɗalibi da sunan ajiya, ba a miƙa rajistar aji ga 'yan siyasa.

Ta biyar: tsakanin maza da mata. Inda ɗalibai mata ne, an fi son malama. In babu, sai a yi karatu a wuri buɗaɗɗe da mazajensu da iyayensu suka sani, a tashi kafin dare ya yi. Malami ba ya keɓewa da ɗaliba da sunan ƙarin darasi, ba ya kiranta a waya in ba kan sha'anin aji ba, ba ya neman aure ko soyayya a cikin ajin da yake koyarwa. Wadda aka nema ba ta da sakewar cewa a'a ga mai riƙe da sakamakonta, abin da za ta yi shi ne ta daina zuwa. Magana ɗaya irin wannan in ta fita gari ta isa ta sa magidanta su janye matansu gaba ɗaya, a yi shekaru ba a sake buɗe ajin mata a wurin ba. Haka kuma malami ba ya shiga tsakanin miji da mata. In miji ya hana matarsa zuwa, a bi ta hannun dattawa da mai unguwa su lallashe shi.

Ta shida: horo. Babu bulala a ajin manya, babu tsawa, babu tara don makara, babu sa ɗalibi aikin gidan malami ko na gonarsa. In wani yana damun aji, a ja shi gefe bayan an tashi. In abin ya faskara, shugaban da ɗalibai suka zaɓa ya yi masa magana, ko a kai wa jami'i mai dubawa.

Miƙa al'amari ga masu shi

Tsayawa a kan iyaka ba ya nufin juya wa mutum baya. Malami nagari yakan san ƙofar da kowace matsala za ta bi, ya nuna ta, in da hali ma ya koya wa ɗalibin rubuta takardar da zai kai can da hannunsa.

Rashin lafiya, ciki da haihuwa, raunin gani: asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa.

Cutar amfanin gona ko ta dabbobi: malamin gona ko malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Rigimar gado, fili ko aure: dattawa, mai unguwa, ko kotu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya a nuna masa ofishin Hukumar Ba da Taimakon Lauya, wadda aka kafa a 1976.

Matsalar asusu, ko saƙon waya da ke neman lambar sirri: ofishin bankin da kansa, mai asusu ya je da ƙafarsa.

Yaron ɗalibi da ya isa shiga makaranta: hedimasta na firamare mafi kusa.

Haƙƙin malami

Wanda aka ɗora wa wannan nauyi shi ma yana da haƙƙi. Ya kamata a horar da shi kafin a ba shi aji, a ba shi kayan aiki, a biya shi alawus ɗinsa a kan kari, jami'i kuma ya riƙa ziyartarsa don taimako. Jinkirin biyan alawus yana daga cikin abubuwan da ke tura malamai ga miƙa hannu wurin ɗalibai, saboda haka hukumomin jihohi da ƙananan hukumomi su san cewa rabin kiyaye waɗannan iyakoki a hannunsu yake. Duk da haka, malamin da aka riƙe wa haƙƙi ya kai kukansa a rubuce ga jami'in da ke sama da shi. Ba a huce haushin hukuma a kan ɗalibi. In kuwa ya ga ba zai iya ci gaba ba, ya sanar da wuri, ya miƙa rajista da littattafai, don a nemi wani kafin aji ya watse.

Ɗalibai su ma su san cewa suna da damar kai ƙara wurin jami'i mai dubawa in malami ya ƙetare iyaka, kuma ba za a kori kowa daga aji don ya yi haka ba. Yana da kyau a karanta wa aji waɗannan ƙa'idodi tun ranar farko, don kowa ya san abin da zai nema wurin malami da abin da bai kamata ya nema ba.

Yadda ake gane an ci nasara

Yawan sunaye a rajista ba shi ne ma'auni ba, haka nan yawan masu yabon malami. Abin dubawa shi ne abin da ɗalibai suke yi da kansu bayan an rufe aji. Mai goro ya rubuta bashin da yake bi a littafinsa. Uwa ta duba kati ta san ranar komawa rigakafi. Dattijo ya karɓi alƙalami a banki ya sa hannu. Wanda a da yake kawo wa malami wasiƙa a karanta masa, yanzu yana karanta abarsa a ɗakinsa ba wanda ya ji abin da ke ciki. Malami ya ƙarfafa wa waɗanda suka gama gwiwa su shiga aji na gaba, su riƙa karanta jarida da littattafai don kada abin ya zube, kowannensu kuma ya koya wa mutum ɗaya a gidansa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Kawo hanyoyi uku da ɗalibi babba ya bambanta da yaron firamare, da abin da kowace ke bukata daga malami.

2. Zaɓi kalma ɗaya daga sana'ar mutanen garinku, ka raba ta gaɓa-gaɓa, ka fitar da sababbin kalmomi biyar daga cikinta.

3. Ɗalibi ya kawo takardar sayen gona ya ce malami ya duba masa ko ya sa hannu. Me malami zai yi, me kuma ba zai yi ba?

4. Wani ɗan takara ya yi alkawarin sayen benci da fitila in za a bar shi ya yi wa aji jawabi. Wace amsa ta dace, kuma wa ya kamata a sanar?

5. An yi wata uku ba a biya malami alawus ba, ɗalibai kuma sun ce za su riƙa tara masa wani abu duk mako. Tattauna amfanin wannan shawara da hatsarinta.